Tumakin Turai a Zauren Sarkin Dillalai

Ba zan taɓa mantawa ba (ko na so mantawar ma mutanen Kebbe ba za su bar ni ba) da yammacin da na tara manyan dillalan garinmu a zaure guda, na kunna musu talabijin da hannuna, don su kalli wautata.

Sana'ata dillancin dabbobi ce, kuma gadonta na yi. Aikin ba wani boyayye ba ne. Mai rago bai san mai saye ba, mai saye bai san mai rago ba, ni ne a tsakiya. Kuɗi a hannuna suke zama har sai mai saye ya buɗe bakin ragon ya duba haƙora, ya shafa shi, ya ga tafiyarsa, ya ce ya yarda. Sannan in miƙa wa mai dabba kuɗinsa in cire la'adata. A duk kara, wato kasuwar dabbobi, babu wanda na tsana kamar mutumin da za ka haɗa shi da mai dabba, ya bari ka juya baya su ƙulla ciniki a bayan rumfa don kada ya biya la'ada. Na sha yi wa irinsu wa'azi har jijiyar wuyana ta tashi.

To, wata shekara layya ta matso, manyan motocin da suka saba zuwa ɗaukar raguna zuwa kudu suka yi ƙaranci. Mun kiwata, mun ciyar da dusa da harawa, ga raguna sun yi ɓul-ɓul, ga masu saye babu. A taron ƙungiyarmu sai na miƙe (ni da ba a tambaye ni ba) na ce ai duniya ta wuce nan, yanzu a waya ake sayar da rago. A yi mana bidiyon talla mai kyau, a watsa, mutumin Ibadan ya gani ya kira mu daga ɗakinsa. Na yi bayani har da nuni da hannu. Na ga dattawa suna gyaɗa kai, kaina ya ƙara girma.

Aka yi karo-karo. Sarkin Dillalai, wanda duk muke kira Baba Sarki, dattijon da ya yi dillanci tare da mahaifina, shi ya miƙo mini kuɗin a gaban kowa.

"Kai ad da boko cikinmu," in ji shi. "Ga kuɗɗin jama'a nan. Amana ta, ka riƙa da kyau."

Bokon nan da ake faɗi fa sakandare ce kawai, sai babbar waya mai fashasshen gilashi. Amma a ranar ji na yi kamar ni na ƙera intanet.

Akwai wani shafi da ake samun masu irin wannan aiki, masu zane da masu haɗa bidiyo, kowa da hotunan ayyukansa da abin da waɗanda suka taɓa ba shi aiki suka ce a kansa. Tsarinsu shi ne ka zuba kuɗinka a wurinsu su riƙe, sai aiki ya zo ka duba ka yarda, sannan su sakar wa ma'aikacin, su cire nasu kason. Na karanta wannan da idona. A nan na ci karo da wani mai kiran kansa Injiniya. Ayyukan da ya jera sun yi kyau har sun so su yi yawa, farashinsa kuma ya fi na kowa sauƙi. Babu ko mutum ɗaya da ya rubuta cewa ya taɓa ba shi aiki, amma na ce a raina ai kowa da ranar farawarsa.

Mutumin nan ya iya gaisuwa. Sai ya tambayi iyali, ya tambayi dabbobi, ya tambayi ruwa, ya kira ni Alhaji (ko filin jirgin Sakkwato ban taɓa shiga ba). Da muka saba sai ya turo mini saƙon murya.

"Alhaji, ni fa tausayinka nake ji. Kuɗin nan na talakawa ne, masu shafin nan kuma za su yanki kaso mai tsoka a banza, ba su ɗauki hoto ba, ba su haɗa komai ba. Mu koma ta lambata, ka turo mini kai tsaye, sai in rage maka. Kuma zan yi maka gyara, ni da kaina zan watsa muku tallar kyauta."

Ka ji fa. Mutum ya ce da dillali ɗan dillali mu zagaya bayan rumfa, dillalin kuma ya ce to. Wanzami dai ba ya son jarfa. Har wani daɗi na ji, ina lissafin yadda zan mayar wa Baba Sarki canji a gaban jama'a a ce yaron nan akwai tattali. Maganar gyara kuwa ita ta ƙarasa ni, don a kasuwarmu wanda ya yi maka gyara mutumin kirki ne.

Na so in ce mu yi kiran bidiyo in ga fuskarsa, sai kunya ta kama ni. Yaya za a yi mutum ya gama tambayar lafiyar iyalinka kai kuma ka ce ya nuna maka shaida? Na tura rabi. Na bi kara ina ɗaukar ragunanmu a waya, balami da uda da 'yan ƙasa, na tura masa. Ya ce in haɗa da hoton shugabanmu da na takardar rajistar ƙungiya don masu saye su natsu, na tura. Ana gobe taron da na kira don a kalli bidiyon ya ce aiki ya kammala, amma ƙa'idarsa sai an cika kuɗi yake saki. Na cika.

Sabis ɗin Kebbe ba ya ɗaukar babban abu, don haka da safe na hau babur na sha gargadar hanya zuwa Tambuwal don in sauke bidiyon. Ya sauka. Na danna, sai ga sunan ƙungiyarmu ya fito da ruwan zinare yana juyi, da wani kiɗa mai ratsa jiki. Nan take na kashe. Cajina ya yi ƙasa, gaskiya ne, amma ba shi ne dalili ba. So nake in yi mamaki tare da jama'a, a ga hawayen farin ciki a idona. Na ari babbar talabijin wurin wani abokina mai shago, na ɗaure ta a bayan babur da katifa kamar mai kai mara lafiya asibiti.

Bayan La'asar zauren Baba Sarki ya cika. An shimfiɗa tabarmi, an ta da janareta, har masu kiwo daga Fakku da suka kawo dabbobi kasuwa sun leƙo. Na yi ɗan jawabi a kan ci gaban zamani, wanda har yau in na tuna shi sai na rufe fuska. Sannan na danna.

Sunanmu ya fito, aka yi kabbara. Sai kiɗa ya sauya, sai ga wasu tsaunuka kore shar, ga wani Bature da hular sanyi da kare, ga tumaki. Tumaki ne dai, ba zan yi musu ƙarya ba, amma gajeru ne masu gashi cunkus kamar an naɗe su da auduga, babu ƙaho, babu tsayi. Na ce a raina wannan gabatarwa ce, namu na tafe. Namu ba su taho ba.

Mamman Dogo, abokina tun na ƙuruciya wanda bakinsa ba ya da linzami, shi ya fara magana.

"Wai waɗanga tumaki na wane gari na? Na Dogon Daji ko na Fakku?"

Aka fara ƙunshe dariya. Tumakin suka juya baya suna hawan tsauni, Mamman ya matsa kusa da talabijin ya ƙura ido.

"Jama'a ku diba min, ko idona na? Ni ban ga wutsiya ba. Duk gundulallu na! Ko guda ba mai yin layya!"

Zauren ya fashe. Wani dattijo har da tari. Ni kuwa ina tsaye da abin sauya tasha a hannu ina murmushin da ya fi kuka ciwo, gumi na bin bayana. Da a nan abin ya tsaya da na gode wa Allah. Amma a ƙarshen bidiyon sai ga fuskar Baba Sarki da rawaninsa ta cika talabijin, ga takardar rajistarmu a gefe, a ƙasa kuma an rubuta a tura kafin alƙalami a kama rago tun bai ƙare ba. Ga lambar waya, ga lambar akawun.

Baba Sarki bai yi dariya ba tun farko. Ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Maido baya. Wagga lamba ta wa ta?"

Na duba. Ba ta ƙungiya ba ce, ba tawa ba ce, ban taɓa ganinta ba. Sai a lokacin na gane gyaran da aka yi mini alkawari. Na kira Injiniya a gaban kowa, waya a kashe.

"Wa yat tsaya tsakaninka da shi?" Baba ya tambaya a hankali.

"Ba kowa, Baba. Shafin na da tsarin riƙe kuɗɗi, amma sai munka ga la'adarsu ta yi yawa."

Ya dube ni. "Wato zagaye dillali kay yi."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ba na fatan in sake ji. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Washegari wasu suka ba da shawarar a bar kaza cikin gashinta, in biya kuɗin a hankali, magana ta mutu. Na so hakan ƙwarai. Sai ga wani malamin makaranta daga Tambuwal ya kira Baba Sarki, ya ce ya ga tallarsa a waya, yana shirin tura kuɗin rago, amma ya ce bari ya fara gaishe shi. Dattijon da ya tsufa ba a taɓa kama shi da kwabon wani ba, ga fuskarsa tana yawo ana sata da ita, kuma ni na miƙa hoton.

Na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ba Mamman Dogo wayata, na tsaya a tsakiyar kara riƙe da wani balami na gaske, na faɗi sunana da na mahaifina, na ce ni ne aka damfara, ga yadda aka yi, ga lambar da ba tamu ba, kada kowa ya tura ko sisi. (Sau da yawa muka sake ɗauka, don Mamman dariya yake yi wayar na rawa.) Na watsa shi duk inda hannuna ya kai, na roƙi kowa ya tura gaba. Na kai ƙara banki da wurin 'yan sanda. Na rubuta wa masu shafin, suka ce sun kori Injiniya daga shafin, amma kuɗin da aka biya a wajen rumfarsu ba su da abin yi a kai. Ban ga laifinsu ba, ni ma amsar da nake ba masu zagaye ni ke nan. Na sayar da ɗan bijimina na mayar wa ƙungiya kuɗinta. Daga ranar sunana ya koma Mai Tumakin Turai, har yaran da ban sani ba suna kirana da shi.

Kowa ya zaci na bar harkar. Ban bari ba, don ragunan suna nan suna cin dusa, kuma hanyar ba ita ta cuce ni ba. Na koma shafin da kuɗin aljihuna. Wannan karon na zaɓi wata baiwar Allah 'yar Zariya wadda mutane da dama suka yaba aikinta. Na ce mu yi kiran bidiyo, ta ce bismillah. Na ba ta ɗan ƙaramin aiki na gwaji, ta yi. Muka rubuta abin da za a yi dalla-dalla, kuɗi suka zauna a hannun masu shafi, duk ɓangaren da ta gama sai na kalle shi daga farko har ƙarshe, in karanta kowace lamba da ƙarfi kamar ɗan aji ɗaya, sannan in ce a saki. Takardar rajista kuwa ko hotonta ba ta sake fita daga Kebbe ba. Da suka cire kasonsu har addu'a na yi musu.

Sabon bidiyon bai yi farin jinin na tonon asirina ba, amma waya ta fara ƙara. Wanda ya fara kira wani Alhaji ne mazaunin Ibadan.

"Kai ne Mai Tumakin Turai?"

Na ce ni ne.

"To ina son raguna. Amma ba zan tura komai ba sai ka kira ni ta bidiyo daga cikin kara. In ga fuskarka, in ga dattijon nan, ka buɗe mini bakin kowane rago. Kuma ƙanena zai zo daga Sakkwato ya gani da ido, shi zai ba da kuɗin."

Raina ya sosu, ba zan ɓoye ba. Ni da aka sani gaba da baya a Kebbe za a ce sai an ga fuskata? Har na buɗe baki zan ce ashe bai yarda da ni ba, sai na rufe. Mutumin nan ko gaisuwar kirki bai yi mini ba, amma ya fi ni sanin sana'ata.

Na tsuguna a cikin kashin tumaki, waya a hannu ɗaya, leɓen rago a ɗaya hannun, Baba Sarki na tsaye a kaina yana ɗaga wa Ibadan hannu. Ƙanen ya zo, aka sallama, aka loda raguna. Da mota ta tashi Baba ya dafa kafaɗata, karo na farko tun ranar zauren, ya ce in wani ya sake kira in ba shi lambar ƙungiya, ni zan riƙa amsawa.

Abin da na koya bai fi ƙarfin ɗan tallan goro ba, ni dai sai da na biya bijimi kafin in iya shi. Mai gaskiya ba ya jin haushin a duba shi, in ma ya ji zai haɗiye. Yanzu duk wanda zan biya ta waya, in ya cika tambayar lafiyar iyalina, sai in ce suna lafiya lau, kunna kyamara.