Jirgi Mai Taya da Suman Ƙarya

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Lahadi a Guangzhou ba, kuma ko na so in manta, mutanen unguwarmu ba za su bar ni ba.

Ni ɗan mai faci ne. Babanmu ya shekara sama da talatin yana liƙe taya a bakin titin Kurna, a Kano, ni kuma cikin warin roba da ƙarar injin iska na girma. Da Allah ya buɗa min sai na koma sayar da tayoyin babur da tib, har ta kai na samu zuwa Sin da kaina in yo sari. Tafiyata ta farko ke nan. (Sai da na ɗinka farar shadda kafin in taso, wai don kada 'yan Sin su raina ni.)

A masaukinmu na unguwar Sanyuanli na haɗu da Isuhu, wani mutumin Maraɗi mai sarin kayan sawa a kasuwar Shahe. Ya daɗe yana zuwa garin, har yana ɗan taɓa Sinanci. Muna cin abincin rana ya dube ni ya ce, "Bakano, kai da ba ka da magana sai ta taya, ka san akwai jirgin ƙasa mai taya a garin ga?"

Na ce, "Kowane jirgi ai yana da taya, ta ƙarfe."

"A'a. Ta roba, irin ta babbar mota. Cikin ƙasa yake tahiya, kuma babu direba."

Na ajiye cokali. Na ce idan ya ga baƙo ne yana so ya raina min hankali, to ya sani ni a cikin taya aka haife ni. Ya yi dariya ya ce, "Tashi mu tahi."

Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na kullum, muka sauya wani, har muka iso wata tasha a sabon gari, inda dogayen benaye suke. Tsakanin mutane da hanyar jirgin akwai bangon gilashi tun daga ƙasa har sama. Na manna goshina na leƙa. Wallahi babu layin dogo! Siminti ne shimfiɗe layi biyu kamar titi, da wani dogon ƙarfe a tsakiya. Kafin in rufe baki sai ga jirgin ya taho, ɗan guntu da shi, babu wannan ƙarar ƙarfe mai sa haƙori tsami. A ƙasansa na hango wani baƙin abu yana juyawa.

"Taya!" na faɗa da ƙarfi. "Isuhu, taya ce!"

"To ka rage murya, sun sani."

Muka shiga. Na nufi gaba in ga direba, sai na tarar da taga kawai, ramin yana tahowa yana shigewa. Na tsaya a wurin ina washe baki kamar gonar auduga. Da muka kai ƙarshen layi, wajen wata doguwar hasumiya, na roƙi Isuhu mu dawo. Da muka dawo na sake roƙonsa. Sau uku muna kaiwa da komowa, ina yi masa bayanin da bai tambaya ba: yadda roba ke kama hanya, yadda birki zai fi ci, yadda lallai akwai mai faci a wani wuri cikin ramin nan.

A karo na ukun muka sauka a wata tasha, Isuhu ya ce zai je ya kama ruwa, kada in motsa daga inda nake. Ni kuwa zumuɗi ya hana ni sakat. Wa zan gaya wa ya gane girman abin? Baba. Na duba agogo, na san a Kano hantsi ne, yana gida. Na danna masa kiran bidiyo.

Ya ɗauka yana zaune a tsakar gida da kofin koko, Inna a gefensa tana tsince wake.

"Baba, ka taɓa ganin jirgin ƙasa mai tayar roba?"

"Auta, ka fara shan wani abu ne a can?"

"Wallahi Baba, ga ni a gabansa!"

Ya gyara zama. "Mai tib ce ko marar tib? Lamba nawa? Nuna min, ba na son labari."

Na ɗora wayar a jikin gilashi, amma idan jirgin ya tsaya dandamalin yana rufe ƙasansa, Baba bai ga komai ba sai takalman mutane. Ya ce, "Ka ga ni ba yaro ba ne." Maganar ta sosa ni. Na durƙusa, bai gani ba. Na ƙara yin ƙasa, bai gani ba. Da na ji wani jirgin na tahowa, ban san lokacin da na kwanta rub da ciki ba, da farar shaddata, kumatuna a kan tayil, hannuna a miƙe da waya, ido ɗaya a rufe don in saita.

A haka na ji wata mace ta ƙwalla ihu.

Kafin in ɗago, takalma sun kewaye ni. Aka birkito ni rigingine, wayar ta suɓuce. Wata tsohuwa mai jar jaka ta durƙusa a kaina tana magana da sauri, wani ma'aikacin tasha yana faɗa wa 'yar rediyonsa wani abu, wani kuma yana yi min fifita da takarda. Nan na gane sun ɗauka faɗuwa na yi.

To jama'a, a nan ne mai hankali zai miƙe, ya kaɗe riga, ya ce "shiyeshiye", wato na gode, ya kama gabansa. Ni kuwa na dubi fuskokin nan sun fi ashirin, na tuna ba ni da kalma ko ɗaya da zan ce musu magidanci ne ya kwanta a ƙasa yana leƙen taya. Sai kawai na rufe idona.

E, na rufe. Na saki jiki, har da ɗan karkatar da wuya. Lissafina shi ne in yi minti ɗaya, in farfaɗo a hankali, a ce min sannu, mutuncina yana nan.

Ban san 'yan Sin suna da nasu maganin suma ba. Tsohuwar nan ta kafa farcen babban yatsanta a ƙasan hancina, daidai saman leɓe, ta danna da duk ƙarfin da Allah ya ba ta. Na ji zafin har ƙeyata. Na daure. Ta ciro wata 'yar kwalba ta goga min koren mai a goshi da hanci, yajinsa ya shige min ido, hawaye suka fara zuba. Na daure dai. (Duk wanda ya ce suman ƙarya abu ne mai sauƙi, bai gamu da matar nan ba.)

Abin da na manta shi ne wayar. Wata budurwa ta tsince ta, ta ga mutane a ciki, don kirki sai ta juya musu ita su ga halin da ɗansu ke ciki. Sai na ji muryar Inna ta cika tashar.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Malam, ya mutu! Auta ya mutu a China!"

Na ji faɗuwar tiren wake. Na ji Baba yana kiran sunana da wata irin murya da ban taɓa jin sa da ita ba. Wannan kam ban iya daurewa ba. Na zabura na tashi zaune, na fizge wayar.

"Inna, ga ni! Lafiyata ƙalau! Wallahi ƙalau nake!"

Mutane suka ja da baya. Tsohuwar ta dubi jama'a tana gyaɗa kai, aikinta ya yi kyau. Daidai nan aka turo keken marasa lafiya, daidai nan kuma Isuhu ya kutso yana haki.

"Subhanallahi! Mi ya same ka?"

Na ce ƙasa-ƙasa, "Taya nake kallo."

"Mi?"

"Taya. Baba nake nuna wa."

Ya guntse dariya. Leɓensa ya fara rawa. Ma'aikacin yana ta tambayarsa ko a kira asibiti, Isuhu yana cewa "meyo, meyo", wato babu komai, amma Sinancinsa bai kai ga taya ba. Sai ya faɗa wa wayarsa maganar, ita kuma ta fassara ta da murya ras, kowa yana ji. Ban san me ta ce ba, na dai ga budurwar nan ta toshe baki, wani dattijo ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Tsohuwar ta rufe kwalbarta, ta kai min duka a kafaɗa da jar jakar, ta yi tafiyarta tana sababi.

Ma'aikacin, Allah ya saka masa, bai yi dariya ba sai da ya gama aikinsa. Ya kama hannuna ya kai ni can ƙarshen dandamali, ya nuna min inda zan tsaya. Jirgi ya taho, sai ga tayoyin ɓaro-ɓaro, manya, baƙaƙe wuluk. A tsaye ake ganin su. Taku goma daga inda na kwanta.

Na nuna wa Baba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ikon Allah." Ya ƙara da cewa, "Kai kuma sai ka dawo."

Ashe ihun Inna ya tara maƙwabta, kuma kafin gaskiya ta fito labari ya zaga unguwa cewa na yanke jiki na faɗi a ƙasar waje. Inna ta ce ita ba za ta iya buɗe baki ta gaya wa matan layinmu abin da ya kwantar da ɗanta ba. Don haka da na dawo, mako guda cur na yi a zaure ana zuwa duba ni. Wannan ya ce hawan jini ne, wancan ya ce iskokan can ne, gwaggona kuma ta tsare ni da jiƙon saɓara safe da yamma. Ina amsa "ya jiki?" da "da sauƙi", Baba yana gefe yana kallon silin. A rana ta takwas ya kasa riƙewa, ya ba da labarin a majalisa.

Abin da na koya shi ne, idan kunya ta same ka a kwance, ka tashi ka karɓe ta tun tana ta minti ɗaya. Ni na rufe ido don kada mutum ashirin da ba su san sunana ba su yi min dariya, ga shi yau ko jariri aka haifa a Kurna sai an ba shi labarina.