Injiniya Tsawo-Sau-Faɗi a Gidan Hajiya Zuwaira

Duk faɗin Gusau ba a yi masanin awon ɗaki kamar Injiniya Mas'udu ba. Shi ya faɗa da bakinsa, kuma ai ba zai yi wa kansa ƙarya ba. Hular kwanonsa ruwan ɗorawa ce, ko gaisuwar suna da ita yake zuwa. Ilimi kuwa Allah ya ba shi guda ɗaya tak, ya riƙe shi hannu biyu: tsawo sau faɗi. Abin da magina ke kiransa ke nan in ya ba da baya.

Hajiya Zuwaira ta gama gininta a Damba, saura tayil, ga walimar tarewa ranar Asabar. Ta kira Injiniya ya auna, ta kira Malam Yahaya daga Bungudu ya shimfiɗa.

Ɗakin baƙi zagayayye ne kamar bukka. Injiniya ya ja tef daga bango zuwa bango, ya ce mita huɗu sau huɗu, sha shida.

Yahaya ya ce, "Ranka ya daɗe, wanga ɗaki ba shi da kusurwa. Bai kai sha uku ba."

"Kusurwoyin na nan, Yahaya. Ido mai digiri ke ganinsu."

Aka shiga falo. Dogo ne, mita takwas da huɗu, amma can ƙarshe ya karya kwana ya yi wani lungu uku da uku. Yahaya ya ce a raba shi gida biyu, a auna kowane, sannan a haɗa.

Injiniya ya cire hula don ɓacin rai. "A raba? Rabon gado muka zo yi? Lissafin zamani ba ya shiga lungu!" Ya rubuta talatin da biyu, ya sa hannu har sau biyu.

Tayil ya iso: kore na ɗakin baƙi, fari mai zanen zinare na falo. Kore ya yi rara har aka jera shi a tsakar gida. Fari ya ƙare daidai bakin lungu. Aka buga waya shago, aka ce irinsa ya ƙare, sai bayan wata biyu.

Ran Asabar mata suka cika gida, har dangin Hajiya na Tsafe. Kowacce ta shigo sai ta yaba falo, ta kai lungu, ta ga siminti tsirara, ta juyo ta dubi Injiniya. Injiniya bai ji ɗar ba. Ya gyara tsayuwa ya ce, "Da gangan ne. Yanzu haka manya ke yi a Dubai."

Hajiya ta ce, "Allah sarki, ashe gata ka yi mini."

Da aka zo rabon abinci, aka zaunar da Yahaya kan kujera mai laushi. Hajiya da kanta ta ɗauki kwanon Injiniya, ta ratsa falo, ta dire shi kan simintin.

"Bismillah, Injiniya, zauna nan Dubai. Ba ma ba babban baƙo abinci a Najeriya."