Yadda Za Ka Zama Mai Aiki Kuma Korarre a Lokaci Guda

An kore ka daga aiki, kana tsoron matarka da uwarta su ji? Kwantar da hankalinka, ɗana. Bi matakan nan, na yi maka alkawari aikinka yana nan daram har ranar da wani zai leƙa.

Jikata mai karatun kimiyya ce ta ba ni sirrin. Wai akwai wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ido ba ya gani, kowanne yana nan kuma yana can a lokaci guda, sai an duba shi yake tsayawa wuri ɗaya. Na ce mata, "Yo ai mijin 'yar maƙwabciyata ke nan." A wurinsa na kwaso sauran darasin.

1. Fita da safe

Wanka, turare, jaka a hannu. Kar ka damu don ba komai a cikinta sai cajar waya. Muddin ba a buɗe ba, akwai takardu kuma babu.

2. Nemi inda ba idon sani

Gwanin namu benci ya samu a bayan tashar mota, yana wuni yana kallon masu wanki. A gida manaja ne, a benci zauna-gari-banza, kuma duka biyun gaskiya ne. Ilimi ne ya faɗa, ba ni ba.

3. Dawo a gajiye

Wurgar da takalmi, ja tsaki. In matarka ta ce, "Sannu da aiki, Baban yara," ka ce, "Ke dai bari, ofishin nan in ba ni, ya tsaya." Bai tsaya ba. Sun ɗora wani a kujerarka, har ya gyara wa kujerar ƙafa.

4. Zaɓi malamanka

Jikata ta ce su kansu masanan ba su daidaita ba. Wasu sun ce kallon ne ke yanke hukunci. Wasu sun ce duniyar ce ke rabewa biyu: a ɗaya an kore ka, a ɗayar an ƙara maka girma. Riƙe waɗannan da kyau, sai dai 'ya'yanka a wannan duniyar suke cin abinci. Na ukun sun ce abu yana yadda yake tun farko, mu ne ba mu sani ba. Guje su, ba su da tausayi.

5. Kiyayi mai leƙe

Jiya surukar gwanin ta ce masa, "Gobe zan biyo ofishinku, asibitina yana kusa."

"Mama, gobe muna taro."

"Ba komai, ɗana, sai in jira a ƙofa."

Nan ilimin jikata ya ƙare. Na tambaye ta dabara, ta ce in an duba an duba.

Gargaɗi

In asiri ya tonu, matar ta haɗa kayanta, kar wanda ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ni ba malama ba ce. Kuma zancen bencin nan ban gaya wa kowa ba sai uwar matar, ita ma don ta shigo duba ƙafata ne, shiru ya yi mana yawa.