Ranar Da Na Yi Cigiyar Habu Da Lasifika

Ba zan taɓa mantawa da wani yammacin Asabar ba, ko na so in manta ma 'yan unguwarmu ba za su bari ba. Ranar ce na zagaye rabin Haɗeja a motar mai maganin basir, ina cigiyar ƙanena, mutumin da ya ba talatin baya, har da gemunsa.

Sunansa Habu. Tun yana ƙarami daban yake. Ba ya kallon mutum a ido, ƙara tana gigita shi, kuma idan ka tambaye shi abu zai faɗa maka gaskiya tsirararta, ko ta yi maka daɗi ko kada ta yi. An yi hayaƙi, an sha rubutu, an kai shi wajen masu ruƙiyya. Sai da ya girma wani likita a Kano ya ce mana ba aljanu ba ne, ba kuma taɓin hankali ba ne. Otizim ne, abin da a rediyo suke kira galahanga (Habu ya tsani wannan kalmar, ya ce kamar sunan tsohon keke). Haka Allah ya yi shi, kuma haka zai rayu. Sana'arsa wankin hula a shagon ƙofar gidanmu, yana da masu kawo masa aiki har daga Miga.

Daga ranar da muka dawo daga Kano na zama 'yar gwagwarmaya. Na haɗa iyaye da 'yan'uwan masu irin lalurarsa, muka kafa 'yar ƙungiya, muna zama a wani aji na firamaren da nake koyarwa. Ni ce mai baki. Duk inda aka taru sai na yi jawabi: a daina kiran su yara, a rage musu hayaniya, a saurare su. Na iya faɗin "a saurare su" da wata irin murya mai sa mata share hawaye.

A ranar Asabar ɗin Innarmu ta tafi Birniwa suna. Bayan azahar na kai wa Habu abinci gida, na zauna a tsakar gida ina naɗar saƙon murya da zan tura wa 'yan ƙungiya. Ina cikin yi ya zo ya tsaya a bakin zaure, ya faɗi wata magana. Na ɗaga masa hannu na ce, "To, to," don kada ya ɓata mini naɗi. (Kan muhimmancin sauraro nake magana, in kuna son sani.)

Bayan la'asar na leƙa shago na gan shi a kulle. Habu ba ya kulle shago kafin magariba, ko sallah ake yi. Na duba ɗakinsa, ga wayarsa a kan tabarma. Tsakiyar damina ce, kogi ya cika ya tumbatsa har ya shiga gonakin shinkafa, kuma a makon ake ta zancen wani da ruwa ya ci. Habu kuwa ba shi da wurin hutawa da ya wuce bakin kogi, inda ba kowa sai tsuntsaye. Na kira Inna, waya ba ta shiga. Ban tsaya tambayar maƙwabta ba, ban kira ko ɗaya daga cikin kawunnanmu ba. Na zari mayafi na fito da takalmi wari da wari.

A bakin titi na ci karo da Ɗan'azumi mai maganin gargajiya, da tsohuwar motarsa mai lasifika a ka.

Na ce, "Ɗan'azumi, don girman Allah ka taimake ni, Habu ya ɓata!"

Ya ce, "Habu mai hula? Malama, wannan ai ba ya ɓata. Ya fi ni sanin garin nan."

Na ce, "Kai ba ka san lalurar ba, ni na sani. Ja mu tafi!"

Bawan Allah ya miƙo mini abin magana, muka ɗauki hanyar kogi. Na buɗe murya: "Jama'a, ana cigiyar wani yaro mai suna Habu! Yana da lalura! Ba ya iya magana da mutane! Duk wanda ya gan shi kada ya taɓa shi!" Matsalar ita ce na'urar Ɗan'azumi tana da nata ra'ayin. Da zarar na tsaya jan numfashi, sai tallan da ya naɗa ya kutso: "Basir mai tsiro, basir mai jini, kwalba ɗaya ta ishe ka!" Sai in ƙwace in ci gaba da kuka. Kafin mu wuce kasuwar kifi mun tara jama'a a baya, wasu suna salati, wasu suna tambayar kuɗin kwalba.

Mun shiga unguwar masunta ke nan, inda warin bandar kifi ke tarar mutum tun daga nesa, sai na hango Kawu Isa, ƙanen mahaifinmu, ya fito daga wani zaure da gudu yana ɗaga hannu biyu.

"Ke! Kashe abin nan! Kashe shi na ce!"

Ɗan'azumi ya rikice ya murɗa wani abu, basir mai tsiro ya ƙara tashi sama, sannan ya mutu. Na diro daga mota na leƙa zauren. Ga Habu a kan tabarma cikin shuɗiyar shadda mai guga, ya toshe kunnuwansa da hannu biyu, ya runtse ido, yana rausaya gaba da baya. Kusa da shi wani dattijo na zaune, ga ƙwaryar goro a gabansu. Ni da nake bin gidajen biki ina roƙon a rage sauti saboda irin su Habu, ni ce na kawo masa lasifika har ƙofa.

Wata mata ta fito daga cikin gida da kofin ruwa. Ba ta ce da ni komai ba. Ta ajiye ruwan kusa da shi ba tare da ta taɓa shi ba, ta fita ta sallami jama'a a hankali, ta dawo ta saki labulen zaure. Muka jira har ya sauke hannuwansa. Yana kallon ƙasa ya ce:

"Yaya, na gaya miki. Na ce zan raka Kawu gidan su Rakiya, za a nema mini aure. Kika ce to, to."

Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige. Ashe mai kawo ruwan ita ce Rakiya, bazawara ce mai sana'ar bandar kifi, wajen kawo wankin hulunan mahaifinta suka saba. Dattijon kuma shi ne mahaifin nata, Malam Garba. Inna ta sani, Kawu ya sani. Wayar ma da gangan Habu ya bar ta, don kada ta yi ƙara ana maganar manya. Na durƙusa na ce, "Baba, a yi mini afuwa," a raina ina cewa shi ke nan, na rushe wa ƙanena aure da bakina.

Malam Garba ya yi murmushi ya ce, "Tashi, 'yata. Abin da kika yi shela a kai, shi ya faɗa mini da bakinsa tun zuwansa na farko. Ya ce idan bai kalle ni ba kada in ɗauka raini ne. Abin da ya ɓoye mini kawai shi ne yayarsa tana sayar da magani."

Kawu ya fashe da dariya, Rakiya ta rufe baki da mayafi. Habu bai yi dariya ba.

Ya yi kwanaki ba ya yi mini magana. Da abin ya ishe ni, na je shago na same shi yana kife huluna a kan gwangwanaye. Na ba shi haƙuri, na fara dogon bayani kan kogi da ambaliya. Ya bari na gama.

Ya ce, "Na san tsoro kika ji. Amma kin ce yaro. Kin ce ba na iya magana da mutane. Duk gari ya ji."

Na ce, "To me zan yi, Habu?"

Ya ce, "Ki zauna nan. Ki miƙo mini hula. Kada ki yi magana."

Haka muka yi har aka kira magariba. Da zan tafi ya ce in gaishe da yarana, na san an yafe mini.

An ɗaura aure bayan an yanke shinkafa. Daga baya na tambaye shi ko zai zo zaman ƙungiyarmu, sai a lokacin na lura duk tsawon zamanmu ba mu taɓa gayyatar ko ɗaya daga cikin waɗanda muke taruwa dominsu ba. Ya zo, Rakiya ta rako shi. Ganin haka wasu ma suka fara zuwa da nasu 'yan'uwan.

A zamanmu na baya-bayan nan wata uwa ta tambaye shi, "Malam Habu, ɗana ya girma, yana son ya riƙa zuwa kasuwa shi kaɗai. In bar shi?" Kafin ta rufe baki na riga na gyara murya. Sai na ji hannun Rakiya a kan gwiwata. Na haɗiye jawabina. Sannan Habu ya ce, "Ki tambaye shi wace hanya yake so ya bi. Ku bi ta tare sau ɗaya. Daga nan ki koma gida ki jira shi."

Ni da cewa zan yi kada ta kuskura.

Na daɗe ina ɗauka wanda ya fi ɗaga murya shi ya fi ƙauna. Yanzu ga ni, malamar makaranta da furfura ta fara leƙowa, ina koyon yin shiru a hannun ƙanena da matarsa. Kuma in faɗa muku gaskiya, har yau ban wuce aji ɗaya ba.