Saukar Da Ta Hana Mu Sallama

Zuwa ga Mai Girma Babban Jami'in Sauke Fasinjoji, na kamfanin nan mai farin jirgin ruwa da ke tsayawa a tashar Tilbury, wanda ba sai na ambaci sunansa ba tunda ya san kansa. Ranka ya daɗe, sarkin tsari, uban kiyaye lokaci, wanda agogo ke duba fuskarsa kafin ya buga.

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da babba kamarka, da tambayar lafiyar iyali da ta yaranka masu fararen huluna, ina fatan teku ta kwanta muku. Sunana Zinatu Jalo, ungozoma a wani asibiti a nan arewacin Landan. Ina zaune a Tottenham tare da maigidana Lawal, wanda ke karatun injiniya. Takardarka ta iso ni, wadda a ciki kake tambaya ko na gamsu da yadda aka sauke mu ran safiyar ƙarshe. Ka bar mini layi biyu in ba da amsa. Layi biyu ba za su ɗauke ta ba, shi ya sa na kawo ta jarida, da Hausa kuma, don kai ma ka ɗanɗana yadda ake ji in ana yi wa mutum bayani mai daɗi da harshen da bai sani ba.

Bari in fara gabatar maka da kayan da ka sauke. Mu uku ne. Ni, da mahaifiyata Hajjo, wadda ta zo Landan don a yi mata aikin yanar ido, da ƙanwarta Inna Ramatu, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun rasuwar mahaifina babu magana tsakaninsu. Lokacin Inna Ramatu tana Ikko da mijinta, ba ta iso ta'aziyya ba sai bayan an yi sadakar bakwai an naɗe tabarmi. Hajjo ta amsa gaisuwarta kamar ta baƙuwa, ta sa aka kawo mata ruwa, daga ranar ba ta ƙara kiran sunanta ba. An yi aure a dangi, an yi suna, an yi Salla ba adadi, kowacce na can gefenta. Sai yayana Nata'ala, wanda arzikin man fetur ya faɗo wa ta hanyar kwangilar siminti, ya ce shi yana da dabara. A zuba su cikin jirgin ruwa mai yawon tsibirai ya dawo Tilbury, inda babu gidan maƙwabta da za a fake, babu motar da za a yi zuciya a shiga. Shi ya kama mana wuri ya biya daga Kano, ni aka bar wa sauran wahalar.

Kuma dabarar ta fara ci, ranka ya daɗe, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Da farko ni ce wayar tarho a tsakaninsu. A tebur ɗaya suke zaune, gwiwa na gugar gwiwa, amma sai Hajjo ta ce, "Gaya wa innarki ta miƙo yajin nan." Inna Ramatu ta ce, "Gaya wa Yaya ga shi a gabanta." Ni kuwa ina isar da saƙo ina ƙara masa sukari, kuma duk su biyun sun san ina ƙarawa. Ranar da teku ta yi tsiya a kusa da tsibirin Madeira, Inna Ramatu ta kwanta tana amai, Hajjo ta kwance bakin zanenta ta ba ni kanumfari ta ce in ba duk mai bukata. A kasuwar Las Palmas, da muka zo wata matakala, Inna Ramatu ta kama gwiwar hannun yayarta, Hajjo kuma ba ta fizge ba. Saura ƙiris. Sai ga ka da tsarinka.

Ga ƙorafe-ƙorafena, in ka yi mini izini.

Na ɗaya, karɓar da kuka yi mana. Ranar da muka shiga, kyaftin da kansa ya tsaya a bakin ƙofa yana ba kowa hannu, ana kaɗe-kaɗe, ana ɗaukar hoto. Abinci kuwa kafin wani ya narke an kawo wani. Duk wanda aka yi wa haka a wajenmu ya san ya sauka gidan mutunci, kuma ya san ran tafiyarsa maigida zai taka masa har bakin titi, a tsaya, a ƙara gaisawa, a juya, a sake kiran juna don an manta wata magana. Ina kyaftin ya shiga ran safiyar ƙarshe? Ko hannun nasa ya gaji ne? Wanda ya yi mana maraba da ganguna ya sallame mu da lasifika.

Na biyu, 'yan katunan nan naku masu launi. Ana gobe sauka aka turo mana takarda ta ƙarƙashin ƙofa, tana cewa mu kwantar da hankalinmu, kamfani ya riga ya yi tunanin komai a madadinmu. Madalla da wannan karamci, ko mazajenmu ba su taɓa yi mana irinsa ba. Aka ce mu ɗaura katin a hannun akwati mu fitar da shi bakin ƙofa, mu riƙe kayan da za mu sa da safe da fasfo da magani. Na Inna Ramatu rawaya, namu ni da Hajjo shuɗi. Na iya Turanci, ranka ya daɗe, da shi nake karɓar haihuwar matanku. Takardar ta ce masu kama jirgin sama a ranar, irin Inna Ramatu da za ta koma gida, su za a fara taimaka wa. Na ɗauka taimakon ɗaukar kaya ne. Ashe a kamfaninku in an ce za a taimaki tsohuwa, ana nufin za a ɗauke ta ne ita da kanta. Wa ya zauna ya raba launin nan? Ya tambayi wa ke da wa a cikin jirgin? Ya duba fuskokin matan nan biyu bai ga hanci ɗaya ba ne?

Na uku, kuma nan nake roƙon ka gyara zama, don zan koya maka abin da ba ya cikin littafin aikinka. A wajenmu, in mutane suka yi tafiya tare, ba sa rabuwa sai sun nemi gafarar juna. A tasha ne ko a ƙofar gida, kowa zai ce a yafe masa abin da ya yi da sani da wanda bai sani ba. Daɗin abin shi ne babu mai tambayar wane laifi ake nufi. Mutum zai iya cusa laifin shekaru a cikin wannan 'yar kalma, a karɓa, ba a kunyata kowa ba. In da Inna Ramatu ta je ɗakin yayarta a tsakiyar tafiya ta ce a yafe mata, sai an tono ta'aziyya, sai an tono Ikko, sai an ƙirga wa ya aika waya wa bai aika ba. Amma a bakin rabuwa, ƙofa a buɗe take ga kowa. Da la'asar ɗin ƙarshe, ina taya ta danne akwati, ta ce mini, "Zinatu, gobe in an zo sallama zan durƙusa wa Yaya. Kar ki gaya mata." Ban gaya mata ba. Amma da asuba na ga Hajjo ta fito da leshinta mai ruwan toka wanda ba ta sawa sai ran Salla, ta shafa turare, ta zauna a bakin gado tana fuskantar ƙofa, don ƙarama ce ke zuwa wajen babba. Tafiyar nan gaba ɗaya, da tsibiranta da kifayenta da simintin Nata'ala, an yi ta ne saboda wannan ɗan lokacin. Shi kaɗai ne kuma kuka ga ya dace ku cire don kar a yi cunkoso.

Na huɗu, ladabin yaranka. Da sun yi mata tsawa, da Inna Ramatu ta tsaya ta rama, don ba ta da sanyin baki, da hayaniyar ta kai kunnena. Ina! Murmushi suka yi mata. Ɗakinta yana hawa na ƙasa da namu. Aka ƙwanƙwasa, aka karɓi jakarta da hannu biyu, wani ya ba ta hannu kamar amarya, aka kai ta falon masu rawaya, aka ba ta shayi, aka buga wa fasfonta hatimi, aka ja igiya mai laushi a bayanta. Ba ta jin Turanci ko na sayen burodi. Duk wanda ta nuna wa sama da yatsa sai ya gyaɗa kai ya ce madam kar ta damu. Ni ina can ina ɗiga wa Hajjo maganin ido. Da na ga shiru ya yi yawa na sauka in taho da ita, na tarar da ƙofa a buɗe, an yaye zanen gado, wata ma'aikaciya na shimfiɗa sabo don baƙin yamma. Ko ƙamshin turarenta ba ku bari ya kwana ba.

Na biyar, direbanku. Na haura da gudu na jawo Hajjo zuwa saman jirgi, bakin ƙarfen da ake dafawa. Can ƙasa na hango Inna Ramatu a ƙofar doguwar bas mai zuwa filin jirgin sama, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje, gyalenta ya zame, tana ɗaga kai tana neman mu a cikin ɗaruruwan fuskoki. Na yi ihu, iska ta kwashe. Wani yaronka ya tallafa mata ta shiga, cikin girmamawa. Na ce, "Hajjo, ga ta can, tana neman ki." Hajjo ta dafa ƙarfen, ta tsaya gyara zaman leshinta. Sannan ta ce, "Ta wane gefe?" Na kama kafaɗunta na juya ta. A daidai lokacin direbanku ya duba agogo ya ja mota, ko daƙiƙa bai ƙara ba, Allah ya ƙara masa girma a wajen aiki. Hajjo ba ta gani ba, abin da ya wuce tsawon hannunta hazo ne a wajenta. Ta ɗaga hannu ta ce, "Ramatu! Na yafe miki. Ni ma ki yafe mini." Sunan da ban ji a bakinta ba tun ina budurwa. Ta faɗe shi ga filin kwalta da wani lebura mai tura amalanken akwatuna. Ta juyo ta ce, "Ta ji?" Na ce ta ji. Ta ce, "Ta ɗaga hannu?" Na ce ta ɗaga. Kai da ka yi tunanin komai a madadinmu, me ka tanadar mini in ce a wannan wurin?

Za ka ce in rubuta wa Inna Ramatu in gaya mata. Na rubuta, ranka ya daɗe, ba sai ka turo mini takarda ta ƙarƙashin ƙofa ba. Amsarta ta zo da rubutun hannun ɗanta. Ta ce ta tsaya a ƙofar mota har aka tura ta, ba ta ga kowa ya fito ba. Ta ce ta san bakina, ta sha sukarinsa a jirgi, in bar wahalar da kaina. Ta ce yafiyar da ba a ji da kunne ba, ba a aiko ta a ambulan.

Don haka ga amsar tambayarka. Na gamsu ƙwarai. Ba a tura mu ba, ba a taka mu ba, akwatunanmu na jiranmu a layin shuɗi ko ƙwarzane babu, mun kama jirgin ƙasa da sauran lokaci. Ka rubuta a allon tallanku cewa ba a taɓa raba 'yan'uwa cikin sauƙi irin haka ba. In kuma da sauran wuri a tsarinku, ku ƙirƙiro kati na wani launi saboda masu maganar da ba su ƙarasa ba, ku bar su su tare hanya, su ɓata muku lokaci, su yi kuka a bakin gadar sauka. Jirgin ba zai nutse ba.

Roƙona guda ɗaya ne. Ranar Litinin za a shiga da Hajjo ɗakin tiyata. Tun da muka dawo tana cin abinci sosai, tana barci, har waƙa na ji tana yi a kicin. Ta gaya wa Lawal cewa yanzu ko ba ta farka daga allurar likita ba, ba ta da nauyin kowa a wuyanta. Kullum da safe in ta ji motsin mai kawo wasiƙu sai ta ce, "Duba mana, ko daga Ramatu ne." Ni na kasa gaya mata. Kana da yara masu taushin murya da suka ƙware wajen raka tsofaffi inda ba su yi niyya ba. Ka aiko mini ɗaya, da farar hularsa da murmushinsa, ya hau benenmu a Tottenham ya gaya mata cewa motar ta riga ta tafi. Ni zan yi masa tafinta, kuma wannan karon ba zan ƙara komai ba.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara wa agogonka lafiya, ya sa ranar da za ka rabu da wani naka a ba ka lokaci fiye da wanda ka ba mu.

Taka mai biyayya, mai bin layi ba gardama,

Zinatu Jalo (mai shuɗin kati),
Tottenham, Landan,
Satumba, 1976.