Rabin Alhaji a Fasta

"Ka goge shi ko ba ka goge shi ba?"

"Na ce maka ruhe shi niy yi!"

"To ina yat tahi?"

"Shina nan ƙalƙashi!"

Wani ɗan albasa ne a Illela suke ta wannan da Bashar mai zanen fasta. Mutumin so yake a yi masa fasta ya kafa a rumfarsa, a gan shi gaban tirela cike da albasa, a ɗauka tasa ce. Tirelar kuwa ta surukinsa ce, Alhaji Maccido. Ga Alhajin ma tsaye a hoton motar da mutumin ya kawo, ya dafa ƙofa, ciki a gaba.

Bashar ya zana albasa da haruffa a kwamfuta, ya ɗora hoton, sannan ya lulluɓa wa Alhajin abin da suke kira mas. Ya ce, "Dubi nan. Kamar mayahi ne. Inda nis shafa baƙi, abu ya ɓace. In na shafa hwari ya dawo."

Ya ɗan goga fari. Sai ga kunnen Alhaji. Ya ƙara. Sai ga ido ɗaya, ya zubo wa mutumin.

Ai kuwa gogan naka ya zame daga kan benci ya durƙusa. "Baba, ina wuni? Ya gajiya? Wallahi Bashar ne!"

"Tashi, malam, hoto ne."

"Hoto da wanga kallo? Maida shi!"

Bashar ya ɗauko baƙi zai shafa, mutumin ya cafke masa hannu. "Kai! Uban matata za ka shafa ma baƙi a huska? Ina tsaye?"

"To in bar shi?"

"In ka bar shi mota ta zama tashi."

"Ai tashi ce."

"Wa yat tambaye ka?"

Bashar ya share zufa. Ya ce akwai ruwan toka, shi ba ya ɓoyewa duka, ba ya nunawa duka. Ya shafa. Alhaji ya koma dishi-dishi, ana hango tayar mota ta cikin tumbinsa.

Mutumin ya tafa. "Yauwa! Ban kore shi ba, ban bar shi ba. Buga!"

Ranar kasuwa fasta ta hau rumfa. Su kuwa mutanen gari sun saba, wanda duk aka sa dishi-dishi a fasta, to ya riga mu gidan gaskiya. Wani ya tsaya ya yi salati. "Yaushe?"

Mutumin ya zaci fastar ake tambaya. Ya gyara hula. "Jiya da la'asar. Nan da nan aka gama."

Kafin azahar an shimfiɗa tabarmi ƙofar gidan Alhaji. 'Yan gaisuwa daga ƙauyen Kalmalo sun iso a mota biyu, har da na ƙetaren iyaka. Alhaji ya fito alwala, buta a hannu, ya tarar ana yi masa addu'a. Da suka gan shi, liman ne ya fara tsallake kwata.

Da Alhaji ya ji batun fasta, da butar ya iso kasuwa, takalmi ƙafa ɗaya, jama'a na biye da shi nesa-nesa. Ya dubi fasta, ya dubi surukinsa.

"Kai! Na ba ka ɗiyata, kai kuma ka kashe ni?"

Mutumin ya durƙusa. "Haba Baba, wane irin kisa? Rage ka aka yi. Mu tahi Bashar shi shafa maka hwari ka dawo."