Rasuwar Robar Kunnen Dama

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika rabinta, takaici kuma ya ƙarasa sauran rabin, iyalan Bakema na gidan ƙarshe a bakin magudanar jirage suna sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan aji rasuwar 'yar robar nan ta bakin iyafis, abin sauraron waya da ake cusawa a kunne, wadda ta yi shekaru tana hidima a kunnen dama na maigidan, Roelof Bakema. Marigayiyar ƙarama ce, launin toka, girmanta bai wuce ƙwayar wake ba.

Wanda ya san Roelof shi zai san girman rashin. A layinsu cewa ake yi in ka gaishe shi ran Litinin, ka dawo Laraba ka karɓi amsa. Abokan aikinsa na da a wurin ƙera jiragen ruwa sun ce ya yi shekaru yana walda a gefensu, ba su san yana da haƙoran gaba ba sai ranar da ya ajiye aiki aka yanka masa kek. Maƙwabcinsa Wobbe kuwa ya rantse ba a taɓa yin mai sauraro irinsa ba: ka zuba masa duk abin da ke ranka, ya yi ta gyaɗa kai, in ka gama ya ce, "Ba laifi." Da wannan kalma ya karɓi 'yarsa Marrit a hannu ranar da aka haife ta. Da ita yake yaba girkin matarsa Dineke. A cewar Dineke, "ba laifi" ɗin Roelof ya haɗa na gode da madalla da ina sonki, abu ɗaya ne dai bai taɓa shiga cikinsa ba, wato yi haƙuri. In ya ɓata mata rai, sai ya fita shiru ya buga wa tayoyin kekenta iska. Ta ce akwai shekarar da tayoyin suka yi tauri har ta riƙa jin kamar a kan dutse take tafiya.

Marigayiyar ta shigo gidan ne bayan Roelof ya bar aiki. Tun yana yaro aka cire shi daga makaranta, karatu yakan yi shi ne da ƙyar, kamar mai taka ƙanƙara. Da lokaci ya samu sai ya shiga ajin manya na ɗakin karatun gari, inda malamar ta ce ya riƙa sauraren littafi a waya yana bin layi da yatsa. Marrit ta kawo masa iyafis da robobinsa iri uku. A ranar aka gano cewa kunnuwan Roelof ba halinsu ɗaya ba. Na hagu mai sauƙin kai ne, ya karɓi matsakaiciya bai ce uffan ba. Na dama kuwa siriri ne, ga lanƙwasa a ciki. Ya tofar da babba, ya tofar da matsakaiciya. Sai da aka zo kan marigayiya ta shiga da ɗan sautin nan nata, "fut", duniya ta yi tsit.

Ana shaidar ta da riƙon amana. Ba ta taɓa faɗowa a kan keke ba, ko da iskar teku tana marin fuska. Ta zauna da dauɗar kunne ba ƙorafi. Surutunta ɗaya ne: in Roelof yana tauna burodi da cuku takan yi "ƙiƙ, ƙiƙ", shi ma a hankali. A ƙarƙashin kulawarta ya gama littafinsa na farko daga bango zuwa bango, ya rufe shi, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce ba laifi.

Ciwon ajalinta ya soma ne a ɓoye. Jikinta ya saki, bakinta ya buɗe, ta daina kama wuyan iyafis kamar da. Dineke ta ce a canja ta. Roelof ya ce da sauranta.

Wata Asabar da rana gyangyaɗi ya kwashe shi a kujera, littafi a ƙirji. Ƙarar injin zuƙe ƙura ce ta tashe shi. Ya fizge iyafis daga kunnuwansa, ya duba: na hagu da hularsa, na dama tsirara. Bakin injin kuwa yana ƙarƙashin kujerarsa daidai.

"Dineke, kin shanye ta."

"Na shanye me?"

"Robar."

"Ni ko injin?"

"Ke kike tuƙa shi."

"To tsoho, ɗaga ƙafarka, kada kai ma in haɗa da kai."

Roelof ya shimfiɗa jarida a teburin kicin, ya farke jakar injin, ya tankaɗe ƙurar da rariyar shayin Dineke. Ya sami maɓallin riga, da gashin kyanwa mai yawa, da allurar da ta ɓata tun Kirsimeti. Bai sami marigayiya ba. Maimakon ya bar maganar nan, sai ya furta zance mafi tsawo da aka ji daga bakinsa a shekarar: "Ke dai in kika kunna abin nan, ba kya gani, ba kya ji." Dineke ta dubi rariyarta, ta dube shi, ta wuce. Da yamma ya buga wa kekenta iska. Ba ta ko leƙo ba.

Daga nan aka shiga neman magajiya, kuma iyalan ba sa so a tuna musu da wannan zango. Roelof ya je kantin Ebbo mai kayan waya, ya nemi ƙarama irin ta da. Ta shiga rabi, ta tsaya, ta faɗo kan tebur.

"Ba haka ake sawa ba, Yallaɓai Bakema," in ji Ebbo. "Kama saman kunnen da ɗaya hannun, ja shi sama, buɗe baki, sannan ka murza."

Roelof ya ja kunne, ya hangame baki a tsakiyar kanti, ya murza. Ta faɗo.

Aka kawo ta soso, wadda ake matsewa a tura, a jira ta kumbura a ciki. Ta kumbura a waje. Aka kawo mai hawa uku kamar bishiyar Kirsimeti, hawa ɗaya ne ya shiga. Aka kawo mai fiffike da ke maƙalewa a ganyen kunne. Ita dai ta zauna, amma muryar mai karanta littafin sai ta dawo kamar daga ƙarƙashin bargo.

"In ta zauna daidai za ka ji gangar kiɗa har a ƙirji," in ji Ebbo. "Ka ji?"

"A hagu."

"Dama fa?"

"Shiru."

"Yallaɓai, na sayar wa masu kunnen jaki, na sayar wa masu kunnen ɓera. Naka wannan ban san ko na wa ba ne."

Roelof ya kwaso su duka ya kawo gida, ya jera su a kan tebur daga ƙarama zuwa babba, kullum bayan kofin safe ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Kowacce ta ƙi. Karatu ya tsaya cak, don da kunne ɗaya a buɗe layin yakan kuɓuce wa yatsansa. Nauyin da yake ji a kunnen dama kuwa ya ɗora wa mura. Gidan ya yi shiru fiye da yadda ya saba, ya ɗauka fushin Dineke ne. Rabinsa fushin ne.

Ran Lahadi suka hau kekuna kamar kullum suka bi kan madatsar ruwa. Tun suna saurayi da budurwa Roelof ke bin gefen motoci, Dineke tana damansa. A nan, cikin iska, ta tattara abin da ke ranta ta faɗa masa a nitse.

"Roelof, ba robar ce ta dame ni ba. Na gaji da iska a taya. Kalma biyu nake so in ji da kunnena kafin in mutu. In ba za ka iya ba, ran Juma'a zan tafi garin Assen wurin yayata, kuma da rigar sanyi zan tafi, don hunturu can zai same ni."

Abin da ya iso wa Roelof shi ne wani gunaguni mai kama da muryar matarsa. Ya ɗauka zancen shanun da ke kiwo a ƙasa take yi. Ya gyaɗa kai irin na mai sauraron kirki, ya ce, "Ba laifi."

Ran Juma'a shi da kansa ya ɗaukar mata akwati zuwa tashar jirgin ƙasa. Ya lura akwatin ya yi nauyi, ya kuma lura da rigar sanyi a kafaɗarta alhali furanni sun fito, amma shi ba mai yawan tambaya ba ne. Ya koma gida ya ci gaba da gwada robobi.

Marrit ce ta kira. Ya kara wayar a dama, ya ji shiru, ya ce ita ma wayar ta lalace. Da ya mayar hagu sai muryarta ta kusa jefar da shi daga kujera.

"Baba! Mama ta ce za ta bar ka, ka ce mata ba laifi?"

"Yaushe ta ce?"

"A kan madatsa!"

"Zancen shanu take yi."

"Wane irin shanu? Baba, ko dai ka kurmance ne ko kuma zuciyarka ce ta bushe. Ka je a duba wanda ake iya dubawa."

A asibiti, mataimakiyar likita ta haska fitila a kunnen na dama, ta sake haskawa. Ta tambaye shi ko kwanan nan ya tura wani abu a ciki. Ya ce ƙarama, da matsakaiciya, da soso, da mai hawa uku. Ta ce, "Kowacce kuma ka danna ta da ƙarfi, ko?" Ya ce haka Ebbo ya koya masa. Ta ɗauko siririn hantsaki, ta ce kada ya motsa.

"Ɓul."

Wannan shi ne sautin marigayiya na ƙarshe. Ta fito a tsage, bayan ta sha danna daga duk waɗanda aka kawo su gaje ta, tana nan a bakin aikinta ba ta gusa ba. Roelof ya ji agogon bango, ya ji takun mutane a waje, ya ji numfashin kansa. Mataimakiyar ta tambaye shi yaya yanzu. A karon farko a rayuwarsa, maimakon "ba laifi", sai ya miƙa hannu ya karɓi gawar.

Marigayiyar ta rasu ta bar abokiyar aikinta ta hagu, matsakaiciya, wadda har yanzu take da ƙarfinta. Da farar igiyar iyafis. Da littafi na bakwai, wanda aka tsaya a tsakiyarsa. Da tarin magada a kan teburin kicin, waɗanda aka zaga a banza. An gwada sabuwar ƙaramar bayan kunnen ya huta, ta shiga lafiya. Sautinta dai bai kai na marigayiya ba. Iyalan suna kuma sanar da cewa injin zuƙe ƙura ba shi da hannu a wannan rasuwa, an saya masa sabuwar jaka, an sayi sabuwar rariyar shayi.

Za a yi jana'iza ran Talata da safe a ƙofar gida, kafin motar shara ta iso. Za a sa ta a kwandon shara mai launin toka, ba na robobi ba, domin an bincika an tabbatar ba irin robar da ake narkarwa ba ce. Ba a buƙatar furanni. An roƙi Wobbe da kada ya yi jawabi, an roƙi Ebbo da kada ya zo da samfuri. Bayan an rufe murfi akwai kofi da kek a kicin, yanka ɗaya ga kowa kamar yadda aka saba.

Dineke ce za ta gasa kek ɗin. Ta dawo da rigar sanyinta, bisa sharaɗin cewa ba za a raba wannan sanarwa ba sai an sa abin da ya faru a Assen, don layin duka ya sani.

Daga asibiti Roelof ya wuce tasha, gawar tana cikin kwalin ashana a aljihunsa. A ƙofar gidan yayar ya tarar da keke a jingine. Kafin ya ƙwanƙwasa, hannunsa ya riga ya kai kan taya yana latsawa. Ƙofa ta buɗe.

"Tashi," in ji Dineke. "Iskarsa ta ishe shi."

Ya miƙe, ya buɗe kwalin ya miƙa mata. Ta daɗe tana kallon abin da ke ciki.

"A ina?"

Ya nuna kunnensa na dama. Daga cikin gida aka ji yayar ta ƙyalƙyale da dariya har da buga tebur. Dineke ba ta yi ba.

"Wato ni ce ba na gani, ba na ji."

Roelof ya dubi takalmansa.

"Yanzu wane kunnen ke aiki?"

"Duka biyu."

"Nawa ma duka biyu suna aiki, tsoho. Ina jin ka."

Ya buɗe baki, tsohuwar kalmar ta taso har ta kai leɓe. "Ba..." Ya haɗiye ta. Ya cire hularsa, ya riƙe ta da hannu biyu, ya ɗaga murya yadda har mai dariyar da ke ciki ta yi shiru.

"Akwai laifi, Dineke. Ba na injin ba ne, ba naki ba ne. Nawa ne. Ki yi haƙuri."